Fason Kyallu da Ƙaiƙayin Ƙasa

Dalilin da ya sa duk abin da kuka tura sai ya tsaya, ko taya ce kuke garawa da kara, ko kwano ne kuka shura da ƙafa, ba ƙiwa ce ke damun abin ba. Ku matso ku ji. Kai mai tsalle-tsallen nan, zauna. Albarkacin wannan labarin ne ma kake iya zama wuri ɗaya.

A can zamanin da, Ƙasa ba haka take ba. Shafe take da yauƙi tun daga gabas har yamma, kuma duk abin da ke kanta santsi gare shi: dutse, itace, tafin hannu, har kofaton jaki. Idan ka tura ƙwarya, to ta tafi ke nan, ba abin da zai rage mata gudu.

Akwai wani gari a lokacin, ana ce masa Zamau. Mutanen Zamau ba su san taku ba. Mai son fita sai ya tokari katangar gidansa da ƙafa, ya tafi suuu a tsaye kamar an ɗora shi a kan faifai. Tafiyar ba wuya, tsayawar ce aiki. In ka bugi bishiya ko katanga, sai ta maido ka baya da irin gudun da ka zo da shi. Hanya ɗaya ce tak: ka yi karo da abin da ba a kafe yake ba, shi ya karɓi tafiyar ya wuce da ita. Don haka da safe za ka ga magidanci a ƙofar gida yana leƙe yana kira, "Wa ke da tafiyar kasuwa?" Wani da ya gaji da yawo ya amsa daga nesa, "Ga ta nan, riƙe!" Sai ka ji tim! Wannan ya tsaya, wancan ya wuce, kowa ya yi wa kowa godiya yana shafa goshi.

Tafiya ba ta ƙarewa a zamanin, mai ita kawai take sakewa. An ce akwai wadda wani mai goro ya fara da atishawa, ta yi ta zaga garin daga mutum zuwa mutum har jikokinsa suka yi furfura. Ƙulli ma ba ya kamawa. Ka ɗaure zariya, kafin ka miƙe ta warware. Shi ya sa kowane namiji a Zamau hannu ɗaya yake aiki da shi, ɗayan kuwa yatsa na maƙale a bakin wando.

To, a garin akwai wata mata mai daddawa, sunanta Kyallu. Ita kaɗai a duniya aka haifa da kaushi. Diddigenta ya tsattsage da faso kamar tabkin da ya ƙafe, in ka taɓa sai ka ji kamar bayan kada. Tun tana ƙarama uwarta ta ɗinka mata takalmin fata mai rufe ƙafa duka, don kada a gani a yi mata waƙa, kuma ba ta taɓa cire shi a waje ba. Mijinta kaɗai ya san da zancen. Sunansa Nomau, dillalin awaki ne, siriri, mai surutun da in ya fara ba ka labarin akuya sai ya haɗa da na uwarta da na kakarta. Ranar da ya fara ganin fason, kallo ɗaya ya yi masa ya ce, "Wannan ai ado ne," ya ci gaba da labarin da yake bayarwa. Tun daga ranar Kyallu ta saki jiki da shi.

Wata rana wani bijimi ya zamo daga kan tudun da ke gabas da gari. Kun san abin da ya taho daga sama, gudunsa ƙaruwa yake yi har ya iso ƙasa. Bijimin ya shigo kasuwa a zaune a kan gindinsa, idanu waje, yana kuka. Kowa ya tokari abin da ke kusa ya kauce, ban da Nomau, da ya duƙa zai ɗauki hularsa yana ciniki. Bijimin ya same shi a mazaunai. Da yake bijimi ƙato ne, gudunsa kaɗan ya ragu, ya ci gaba da tafiyarsa a natse. Nomau kuwa da ba shi da nauyi, sai ya fita kamar kibiya.

Ya yi yamma, ya yi ta tafiya har ya ci karo da wani ƙaton dutse a bakin daji. Dutsen ya maido shi. Ya ratsa kasuwa, ya yi gabas har ya bugi wata tsohuwar kuka. Kukar ta maido shi. Haka ya zama ɗan hanya, da safe ya wuce ta tsakiyar kasuwa ya yi yamma, da la'asar ya dawo ya yi gabas.

Ga mutum mai surutu, wannan azaba ce. Kafin ya buɗe baki ya riga ya wuce. Da safe Kyallu ta ji, "Kyallu, akuyar nan..." Da la'asar ta ji, "...mai jan kunne..." Sai washegari ta ji ƙarashen, "...kada ki sayar!" Ita kuwa tun jiya ta sayar.

Abinci ma jifa ne. Kyallu takan tsaya a ƙofar gida da curin dawo, in ta hango shi ta jefa. Duk jifan da ta yi gaba, ita kuma sai ta sulale baya, ta ratsa zaure, ta ratsa tsakar gida, sai ta bugi buhun gero a ɗaki ta tsaya. Wani lokaci ya cafe, yawanci ya kuskure. Curin da ya kuskure ba ya faɗuwa ya tsaya, yawo yake shiga yi, har mutanen gari suka saba da sunkuyawa in sun ji an ce, "Dawo!"

Da farko abin dariya ne, yara har jira suke yi su ga wucewarsa. Amma kwanaki suka yi ta tafiya. Nomau ya rame. Goshinsa ya kumbura saboda dutse, ƙeyarsa ta kumbura saboda kuka. Maganarsa ta ragu zuwa kalma ɗaya. Rannan da safe ya wuce kansa a sunkuye, bai ce komai ba. Kyallu ta bi shi da kallo har ya ɓace, curin dawo na hannunta. Ta tokari katanga ta nufi fada.

Mai garin Zamau, Ƙosau, mutum ne mai tumbi da son a ce ya yi dabara. Ta same shi a zaure, hannu ɗaya riƙe da wando.

"Ranka ya daɗe," in ji Kyallu, "maigidana zai mutu a kan hanya. Yau ko magana bai yi ba."

"Nomau bai yi magana ba?" Mai gari ya zaro ido. "To abin ya kai. A tara tumaki!"

Aka jera tumakin gari a tsakiyar hanya. Da la'asar Nomau ya iso ya ratsa su. Tumaki suka watse ko'ina kamar an zubar da gyaɗa, wata ta shige rumfar mai kitso, wata ta ɗauke liman daga kan buzunsa ta yi kudu da shi. Nomau kuwa ya wuce abinsa, gudun bai ragu da wani abin kirki ba.

Mai gari ya sosa gemu ya ce, "To, saura abin da kowa ya sani. Abu marar nauyi ba ya karɓe tafiyar mutum duka, mai nauyi da yawa kuma maido shi zai yi. Sai wanda nauyinsu ya zo ɗaya ya tsaya masa a hanya. Wa ya yi daidai da Nomau?"

Nan take mazan Zamau suka sake kama. Masu ƙiba suka ƙara turo ciki. Sirara suka tsotse kumatu suna tari. Barau, yayan Nomau uwa ɗaya uba ɗaya, aka gan shi yana cusa duwatsu a aljihu yana cewa, "Ni wallahi da na yi, to ga yadda jiki ya yi nauyi."

Kyallu ta tokari katanga ta koma gida. Ta san wanda ya yi daidai da shi. Tun aurensu, in suka yi karo a tsakar gida, shi yakan tsaya cak, ita ta wuce da tafiyar duka. Ya rame, gaskiya ne, amma ita ma ta rame tare da shi.

Washegari da hantsi ta ɗaura zaninta mai kyau, ta tokari katanga a hankali, ta ba wani buhun dusa tafiyarta, ta tsaya a tsakiyar hanya. Mata suka yi ta kiranta, ba ta waiwaya ba. Can sai ga Nomau ya taho daga gabas. Ya ɗaga kai ya gan ta, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya yi ihu, "Kauce!"

"Ba inda za ni, maigida," in ji Kyallu.

Tim!

Nomau ya tsaya cak a tsakiyar kasuwa. Kyallu kuwa ta tafi da ƙarfin da ya fizge ta daga cikin takalmanta. Takalman suka rage a nan gaban Nomau, a jere, kamar an tuɓe su a ƙofar ɗaki.

Karo na farko ke nan da fason Kyallu ya taɓa Ƙasa. Ya keta yauƙin ya kai ga tsandauri, sai wata ƙara ta tashi da ba a taɓa jin irinta ba: ƙiiiiii! Kyallu ta wuce bayan gari, ta wuce gonaki, ƙarar na biye da ita. Sai ta ji wata murya daga ƙarƙashinta, muryar tsohuwa, kamar daga cikin rijiya.

"Wayyo daɗi! Wace ce wannan? Ɗan yi hagu, 'yar nan. Hagu na ce! Yauwa, nan, nan!"

"Wa ke magana?" in ji Kyallu.

"Ni ce Ƙasa. Tun da nake, ƙaiƙayi nake ji a gadon bayana. Kowa sai dai ya sulale a kaina yana yi mini cakulkuli. Ba wanda ya taɓa sosa mini sai ke. Danna sosai!"

Kyallu ta danna diddige. Sai ta lura itatuwa sun rage gudun wuce ta. Iska ta daina kaɗa mata kunne. A hankali, a hankali, ga dutsen nan na yamma a gabanta, ta tsaya ba ta taɓa shi ba. Ba ta yi karo da kowa ba, ba ta ba kowa komai ba. Ta duba gaba, ta duba baya, tsoro ya kama ta.

"Iya, tafiyar fa? Tafiyar bijimi guda! Ina kika kai ta?"

"Taɓa diddigenki."

Ta taɓa, ta janye hannu da sauri. Zafi kamar kaskon tuya. Ta waiwaya ta ga layi biyu da ƙafafunta suka ja a ƙasa tun daga gari, suna ɗan hayaƙi.

"Ban ci ba, ban ɓoye ba," in ji Ƙasa. "Tafiya ba ta ɓata. Ga ta nan ta zama zafi, wani a ƙafarki, wani a bayana, ɗan abin da ya rage kuma shi ne ƙarar da ta cika miki kunne. To yanzu ji nan. Ba za ki koma gida ba. Nan za ki zauna kina sosa mini har abada."

"Haba Iya! Ina da miji, ko ruwa ban ba shi ba."

"Ni kuma ina da ƙaiƙayi."

"Diddige biyu gare ni, bayanki kuwa ba shi da iyaka. Ko na mutu ina susa, ina zan kai? Ga shawara. Duk abin da ke yawo a kanki, mutum, jaki, ƙwarya, turmi, kowa ya riƙa sosa miki kaɗan yana wucewa."

"Da me? Dukansu sumul suke."

"Ke za ki zubar da yauƙin nan, ki yi kaushi irin nawa. In kika yi, kowa ma zai yi."

Ƙasa ta ce da ƙaramar murya, "Yauƙin nan shi ne kwalliyata. Dariya za a yi mini."

Kyallu ta dubi ƙafafunta da ta ɓoye tun tana yarinya, ga su yau a fili rana na dukansu. Ta ce, "Iya, wa zai yi miki dariya yana tsaye a kanki?"

Maganar ta yi wa Ƙasa daɗi, har ta ɗan girgiza. Suka zauna ciniki. Ƙasa ta ce duk mai motsi a kanta za ta riƙa tsakurar tafiyarsa kaɗan-kaɗan har ta ƙare, mai nauyi ta fi riƙe shi, kuma in da hali za ta ɗan lashi gindin takalmi. Kyallu ta ce ta yarda, amma da sharaɗi biyu: abin da aka ajiye Ƙasa ta riƙe shi kada ya sulale, kuma duk tafiyar da ta tsakura ta maido ta zafi, kada ta rage ko ƙwaya.

"Ke dai matar dillali ce," in ji Ƙasa. "Na sallama."

Sai ta yi miƙa, ta kakkaɓe jikinta. Yauƙin duniya ya kwarara ya gangara fadama. Kuɓewa da karkashi da ke bakin ruwa suka sha suka ƙoshi, tarwaɗa ta yi wanka da sauran.

A cikin gari kuwa ba wanda aka yi wa gargaɗi. Duk wanda ke cikin tafiya a lokacin, ƙafafunsa suka tsaya, kansa ya ci gaba. Rabin Zamau suka kifa da fuska a lokaci guda. Duk curin dawon da ke yawo ya gangara ya tsaya a gindin katanga. Liman ya tsaya a wata gonar rogo can kudu, tunkiyar na kwance a cinyarsa.

Kyallu ma ta shiga uku, don ta tokari dutse da niyyar komawa gida, amma ko motsi ba ta yi ba.

"Iya, kin riƙe ni!"

"Me za ki yi da dutse? Ni ce katangarki yanzu. Tura ni baya da ƙafa ɗaya."

Ta tura, sai ta ga ta yi gaba kaɗan.

"To ɗayar."

Haka aka fara taku a duniya. Kyallu ta yi ta tura Ƙasa baya, dama, hagu, dama, hagu, Ƙasa na nishin daɗi a ƙarƙashinta. Kafin ta iso gari cinyoyinta sun yi tsami, ta haɗa gumi, ta san abin da ake kira gajiyar hanya.

Ta tarar da mutane zube a kasuwa, wasu na rarrafe, wasu na ta shurin katanga suna zaginta. Da suka ga mace tana ɗaga ƙafa tana ajiyewa tana matsowa, yara suka fashe da kuka. Ba wanda ya ko kula da fasonta. Mai gari Ƙosau na zaune daɓas inda ya faɗi, hancinsa duk ƙasa. Ta ba shi labari tun daga farko, ya harzuƙa.

"Kin kashe mana tafiya! Da, turi ɗaya ya kai mutum garin surukansa. Yanzu kowane taku sai na sa ƙarfina? Da wannan cikin? Koma ki ce mata mun fasa!"

"Ranka ya daɗe, dubi nan," in ji wata murya a dushe.

Nomau ne. An ba shi kunu ya ɗan farfaɗo. Yana tsaye, hannayensa biyu a sama, wandonsa kuwa na nan inda ya kamata. Ya ɗaure zariya, ƙullin ya kama.

Mai gari ya ƙura masa ido. Ya juya baya ya ƙulla tasa. Ya saki yatsa a hankali, yana jiran abin kunya. Shiru. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya ɗaga na biyu. Bai san abin da ake yi da hannu biyu ba, sai ya haɗa su ya tafa. Ya murza su don murna, ya ji sun yi ɗumi, ya sake murzawa.

"To," in ji shi, "a bar maganar haka. Kowa ya tashi Kyallu ta koya masa abin nan na dama da hagu."

Da suka koma gida, Nomau ya zaunar da matarsa a kan tabarma, ya ɗora ƙafafunta a cinyarsa. Diddigen ya yi ja, ya sale. Ya shafa shi a hankali. Can ya ce, "Me ya sa ba ki kauce ba?"

"Gidan ne ya yi shiru da yawa," in ji Kyallu.

Ya ɗauko man kaɗanya ya shafe mata ƙafafun sosai, har tafin. Ta miƙe za ta ɗebo masa ruwa, taku ɗaya ta yi, sai suuu, ta ratsa tsakar gida ta faɗa cikin kwandon daddawa. Daga ƙarƙashin ɗaki aka ji muryar tsohuwa a fusace: "Wa ya sa mai? Ba haka muka yi da ku ba!"

Shi ya sa har yau ba abin da ke tafiya kyauta a bayan ƙasa. Mai amalanke in ya daina turi, amalanken ya tsaya. Takalmi yana cinyewa ta gindi. Mai keke in ya gangaro daga tudu ya matse birki, ku taɓa ƙarfen ƙafar keken ku ji, gudun nan duka yana wurin, ya zama zafi. Inda kuma ake so abu ya yi ta juyawa ba gardama, kamar sarƙar keke ko bakin ƙofa mai kuka, sai a ɗiga masa mai a ɓoye, kada tsohuwar ta ji. Ranar da ɗayanku ya taka miyar kuɓewa a kan siminti, ƙafafunsa suka yi sama, to ya leƙa garin Zamau ne na ɗan lokaci. In ya tashi yana riƙe da ƙugu, ku tambaye shi ko yana son komawa.